Kafin Ka Tura Kuɗin Gida a Yamai, Tambayi Ina Filin Unguwa Ya Tafi

Duk mai ɗan'uwa a Abija, Lome, Kwatano ko Tamanrasat ya san irin bidiyon da dillalan gidaje ke turawa ta WhatsApp. Dillali na tafe da waya a hannu yana nuna katanga mai sabon fenti, ƙofar ƙarfe, ɗaki uku da falo, famfo a tsakar gida, wutar Nigelec a haɗe. Daga ƙarshe ya ce takardu cikakku ne, kuma akwai mutum biyu da ke jira, in ba a yi sauri ba gida ya tafi. Abin da wayar ba ta cika juyawa ta nuna ba shi ne ƙofar gida daga waje: faɗin hanyar, inda ruwa ke bi idan an yi sama, ko akwai itace ko guda a layin, da kuma inda yaran unguwar ke zuwa idan an tashi daga makaranta. Mai saye ma ba ya tambaya. Shekara bakwai ko goma yana tara kuɗin nan a ƙasar mutane, burinsa kawai a ce wane ya yi gida a Yamai.

Ra'ayinmu a wannan shafi shi ne tambayar da ba a yi ɗin ita ce ta fi kowace muhimmanci. Filayen da aka ware wa jama'a a unguwannin Yamai, na wasan yara, na shan iska, na makaranta da asibitin unguwa, suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ba iska ke kwashe su ba. Yanka su ake yi ana sayarwa, kuma wani ɓangare na kuɗin da ke sayen su daga hannun ƴan'uwanmu na waje yake fitowa, sau da yawa ba tare da sun san abin da suka saya ba.

Ga wanda bai taɓa ganin taswirar lotisma ba, ga yadda take. Idan za a yanka wata gona ko wani daji a mai da shi unguwa, masu awo na zana takarda. A kanta ake nuna hanyoyi, a raba sauran wurin rukuni-rukuni, kowane rukuni da lambarsa, a cikinsa kuma parsel-parsel, galibi na murabba'in mita 300, 400 ko 600. A cikin zanen akwai wuraren da ba a raba wa kowa. An bar su ne domin makaranta, ɗakin shan magani, kasuwa, masallaci, filin wasa da wurin itatuwa. Dokokin tsarin birane na ƙasar nan, har da ta shekarar 2017, a kan wannan tsari suka tsaya: ba a yanka unguwa a manta da abin da jama'a za su yi tarayya a kai. A takarda, ke nan, kusan kowace unguwa da aka yanka bisa ƙa'ida tana da nata filin. A ƙasa kuwa, je ka nema.

A wata unguwa ta gabashin birnin na tashi. Bayan layinmu akwai wani fili mai yashi da dogon yaro guda huɗu a gefe. A nan muka koyi ƙwallo ba takalmi, a nan ake kafa rumfar biki da ta zaman makoki, a nan mata ke shanya, kuma da azumi a nan samari ke kwana hira har a fara kiran sahur. Ba wanda ya taɓa nuna mana takardar filin, ba mu kuma taɓa tunanin yana buƙatar takarda ba. Wata rana aka wayi gari an jibge tubalin siminti a kusurwa ɗaya. Dattawa suka tambaya, aka ce ajiya ce. Bayan damina ajiya ta zama katanga. Yau gida shida ne a wurin da shago biyu, kuma itace ɗaya ne ya tsira, shi ma don ya faɗo cikin tsakar gidan wani. Ban san mutanen da suka saya da wani mugun hali ba. An ce biyu daga cikinsu ma ba su zaune a ƙasar, kuma na tabbata kowanensu na riƙe da takarda mai hatimi.

Duk wanda ya zauna a Yamai zai iya ba da irin wannan labari da sunan wata unguwa dabam, domin salon kusan ɗaya ne. Ana farawa da abin da ba zai tada hankali ba: ɗan kanti na kwano, wurin wankin mota, tarin yashi. Idan unguwa ta yi shiru, sai a zagaye. Idan ta yi magana, sai a fito da takarda, kuma talaka na ganin hatimi jikinsa ke mutuwa. Wani lokaci ma da ɗan masallaci ake farawa a gefe guda, saboda an san ba mai son a ce shi ne ya hana gina ɗakin Allah, sannan sauran filin ya bi ta bayan fage. Aikin kuma ya fi sauri a ranakun hutu, lokacin da ofisoshi ke rufe.

Misali mafi girma yana nan kowa na gani, wato dajin da ake kira Ceinture Verte. Tun 1965, zamanin Diori Hamani, aka fara dasa shi, aka ci gaba shekaru da dama, har ya kai kimanin kadada 2,500: ɗamarar itatuwa mai tsawon kilomita 25 da faɗin kilomita 1, akasari dogon yaro da turare, da ta zagaye birnin ta arewa da gabas. An yi ta ne don ta tare ƙura da iska, ta rage zafi, ta kuma riƙe ƙasa. Waɗanda suka dasa ta sun ɗauka nan ne iyakar gari. Yau gari ya tsallake ta ya yi nisa, unguwanni irin su Niamey 2000 a bayanta suke, ita kuma a ciki an yi mata gunduwa-gunduwa. Wani wuri gidaje, wani wuri tashar mai, wani wuri juji da baƙar leda maƙale a rassa. Da an riƙe ta, da yau Yamai na da wurin shan iska a tsakiyarta wanda birane da yawa na yankin nan za su yi sha'awa.

Adalci ne a faɗi cewa ba zalama kaɗai ta kawo mu nan ba. Lokacin samun ƴancin kai a 1960, mutanen Yamai ba su wuce dubu 30 da wani abu ba. A ƙidayar 2012 sun haura miliyan 1, kuma tun daga nan kullum ƙaruwa ake, da haihuwa, da masu gudun fari, da waɗanda rashin tsaro ya koro daga ƙauyukansu. Dole mutanen nan su kwana a wani wuri. Sannan wani ɓangare na ƙasar da aka dasa dajin a kai gonakin gado ne na iyalan da suka daɗe suna cewa ba a biya su diyya ba. Jikan da ya ga gonar kakansa ta zama ta hukuma ba ko dala, ya kuma ga wasu na gini a ciki, da wuya ka gamsar da shi cewa shi kaɗai ne bai kamata ya sayar ba. Hukuma ma da kanta ta koya wa mutane kallon fili a matsayin kuɗi. A farkon shekarun 2000 da filaye aka biya ma'aikata bashin albashinsu, kuma shekaru da dama yankan fili na cikin manyan hanyoyin da ma'aikatun magajin gari ke samun kuɗin shiga. Daga baya ƴan kasuwa masu zaman kansu suka shigo harkar lotisma, kuma ga mai neman riba kowane murabba'in mita da aka bar wa jama'a asara ce. Duk wannan gaskiya ne. Amma bayanin yadda aka yi ɓarna ba izinin ci gaba da ita ba ne.

Abin da aka rasa ya fi inuwa. Dubi yadda ake rayuwa a Bukoki, Talaje, Banifandu ko Lazare. Gida ɗaya iyali biyar ko shida, kowa da ɗakinsa ɗaya ko ciki da falo, tsakar gida kuwa ta girki ce da wanki da tulunan ruwa. Yaro ba shi da inda zai yi gudu sai titi, tare da babura da motoci. Idan aka yi haihuwa ko aure ko rasuwa, sai a datse hanya da rumfa da kujeru, mai mota ya yi ta zagaye yana tsaki, alhali shi ma ranar tasa haka zai yi. Samari kuwa ana yi musu gorin zaman fada a bakin titi, da butar shayi da benci, kamar su suka zaɓi ƙurar. Ina aka ba su? Gidan ajiyar kayan tarihi na Bubu Hama, da harabar filin wasa na Seyni Kunce inda mutane ke zuwa motsa jiki da safe, da gaɓar kogi, duk suna da amfani, sai dai mai zama Kwara Tegi ko bayan filin jirgi sai ya biya kuɗin taksi zuwa da dawowa kafin ya kai ƴaƴansa can. Wurin shaƙatawar da sai an yi shiri an kashe jikka biyu ko uku kafin a je shi ba zai maye gurbin filin da yaro ke zuwa da ƙafa uwarsa na hango shi daga ƙofar gida ba.

Ƴan mata ma sun fi kowa asara, ko da yake ba a cika ambaton su ba. Namiji ko ba fili zai samu bakin shago ya zauna. Yarinya idan babu wuri mai tsabta da ke kan idon unguwa, to daga makaranta sai ɗaki.

Ga kuma zafi. A watannin Afrilu da Mayu ma'aunin zafi na haura 40 kusan kullum, kuma a lokacin ne wuta ta fi ɗaukewa. Ɗakin kwano da katangar siminti na riƙe zafin rana har tsakar dare. Wanda ya taɓa fitowa daga layin da ba itace ya shiga ƙarƙashin manyan itatuwan Plateau ya san bambancin ba sai an auna masa ba. Abin lura shi ne unguwannin masu hali su ne ke da inuwa, ga shi kuma su ne ke da na'urar sanyaya ɗaki da janareto. Talaka da ya fi buƙatar itace shi ne aka fi yanke wa.

Bayan zafi sai ruwa. A watan Satumbar 2020 kogin Isa ya kai santimita 700 a Yamai, ya wuce ma'aunin gargaɗi mafi tsanani na 620, ya fasa shinge ya shiga Lamorde da wasu unguwannin Harobanda da na gaɓar kogi. Damina ta 2024 kuwa ta kai ga yanke manyan hanyoyin shiga birnin na ɗan lokaci, aka kuma ɗage komawa makarantu a faɗin ƙasa zuwa ƙarshen Oktoba. Ba kogi kaɗai ke cin gidaje ba. A unguwanni da yawa ruwan sama ne ke rasa hanya. Filin da ake gani kamar banza ne da rani, da damina shi ke shanye ruwa ko ya riƙe shi na ƴan awoyi. Idan aka cike shi aka yi gini, ruwan ba ya fasa zuwa, sai dai ya shiga ɗakin maƙwabci. Da yawa daga cikin wuraren da masu awo suka bari ba don ado suka bar su ba, kwari ne ko bakin korama. Shi ya sa idan aka ce maka ga parsel a tsakiyar tsohuwar unguwa, kowa ya gina shekara 20 amma ita tana nan fayau, kuma da araha, ya kamata gabanka ya faɗi. Masu karatunmu na Maraɗi, Damagaram da Tawa sun san abin da ake nufi, don su ma sun ga abin da ke biyo bayan cike tabki a yi gida.

A ɓangaren masu sayarwa ma akwai abin dubawa. Gidaje da yawa da ke shiga kasuwa a tsofaffin unguwanni na gado ne. Mai gida ya rasu, magada goma sha, ba mai iya biyan sauran, sai a sayar a raba. Ba laifi ba ne, haƙƙinsu ne. Sai dai mai saye yakan rushe, ya sare mangwaron tsakar gida, ya cike filin kaf da shaguna ko ɗakunan haya har bakin hanya, wani ma ya ɗan ci hanyar. Ƴan hayar da suka shekara 15 a layin su watse zuwa bayan gari. A haka unguwa ke rasa mutanen da suka san tarihinta, waɗanda za su iya tsayawa su ce wannan wurin tun asali na makaranta ne. Baƙon da ya zo jiya ba zai yi faɗa a kan filin da bai san an taɓa yi ba.

Abin mamaki, ko ta fuskar kuɗi lissafin bai fita ba. Gidan da ke kallon fili mai itatuwa, hanya mai faɗi, makaranta kusa, ya fi daraja ranar sayarwa, ya fi saurin samun ɗan haya. Masu gidajen da ke kewaye da fili su ne farkon masu asara ranar da aka yanka shi, amma sau da yawa su ne ke yin shiru, wasu don tsoro, wasu don an yi musu alkawarin rabo.

To, kai da ke waje kana shirin turo kuɗi, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Muddin akwai mai saye ido rufe, za a samu mai yanka. Cinikin biri a sama ne ka biya gida saboda bidiyo. Takardar da mai unguwa ko mai gari ya sa wa hannu ta shaidar gonar gado dabam take da takardar sayar da fili ta ma'aikatar magajin gari, wadda ake kira akt da sesiyon, ita ma kuma dabam take da titir fonsiye da ake samu a ofishin kula da filaye na hukumar haraji. Wannan ta ƙarshe ita ce mafi ƙarfi, kuma tun 2006 aka fito da hanya mai sauƙi ta samun ta, wadda aka raɗa wa suna Sheda. Amma ko wace takarda aka nuna maka, ka nemi lambar rukuni da ta parsel, ka sa wanda ka yarda da shi, ba wanda dillali ya kawo ba, ya je a buɗe masa taswirar lotisma ta asali ya ga ko lambar na ciki. Idan a taswira wurin na jama'a ne amma a takardarka na gida ne, tambayi yaushe aka sauya, wa ya sauya, da wace doka. Kuɗin notar da ake ƙyashi bai kai kuɗin shekara biyar ana zaryar kotu ba, balle ranar da wata hukuma za ta zo da jan fenti ta yi wa katangarka alama. Ka kuma sa a je maka wurin cikin watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi, a tambayi matan layin, ba mazan da ke zaune da dillali ba. Su suka san inda ruwa ke tsayawa.

Mun san abin da wasu za su ce, kuma ba ƙarya suke ba: filin da aka bari ba a kula da shi juji yake zama, ko makewayi, ko maɓoyar ƴan shaye-shaye da masu ƙwacen waya. Akwai mazauna kusa da Ceinture Verte da za su ce maka gara a gine kowa ya huta. Wannan ƙorafi ne a kan sakaci, kuma shi ne hujjar da masu yanka suka fi so, har wani lokaci mutum ya yi zargin da gangan ake barin wurin ya lalace. Maganinsa ba tsada gare shi ba. Fili ba ya buƙatar marmara ko maɓuɓɓugar ruwa. Turaku biyu na raga, fitila mai aiki da hasken rana, benci, itatuwa da aka kewaye don awaki, da mai ba su ruwa shekara biyu na farko. Wurin da mutane ke ciki daga safe zuwa dare ɓarawo ba ya son sa, mai tubali ma haka.

Tun watan Afrilun 2024 da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, kantomomi ne ke riƙe da birnin da gundumominsa 5. Ba su da uzurin cewa suna tsoron masu zaɓe ko ƴan jam'iyya. Abin da muke nema a wurinsu bai kai gina gada ba. A fito da taswirar kowace unguwa a liƙa ta a ofishin gunduma inda kowa zai gani, a kuma sa ta a intanet don na Akara da na Tarabulus su duba da wayarsu kafin su tura kuɗi. A kafa allo a kan kowane filin jama'a da ya rage, da lambarsa, da girmansa, da abin da aka ware shi dominsa. Duk filin da za a sauya wa manufa a sanar da unguwa kafin a sa hannu, ba bayan an zuba harsashi ba. A kuma zauna da iyalan da ke bin diyyar gonakinsu a kashe maganar, domin muddin tana nan, abin da ya rage na dajin ba zai tsira ba. Kowace ranar 3 ga Agusta manya na dasa itatuwa a gaban kyamara. Muna son a riƙa gaya mana nawa ne suka rayu daga cikin na bara, kuma filin da aka dasa su har yanzu na jama'a ne ko ya samu mai shi.

Su kuma samarin fada, ba sai sun jira allon hukuma ba. Kowace fada ta san filin da ke kusa da ita. A je gunduma a nemi ganin taswira, a ɗauki hotonta, a kai wa mai unguwa da limami da shugabar matan layi kowa ya riƙe. Ƴan unguwar da ke waje, waɗanda ke haɗa kuɗi a rukunin WhatsApp idan an yi rasuwa ko za a gyara masallaci, za su iya haɗa na itatuwa 30 da fitila biyu. Wannan shafi a shirye yake ya wallafa hoton duk filin jama'a da aka ga an fara jibge wa tubali, da sunan unguwar da ranar da aka gani, bayan wakilinmu ya je ya duba taswira ya kuma ji ta bakin wanda ke ginin.